Ɗan Farin Majemi a Baƙin Ruwa

Tun zamanin da ba a san inda teku ya ƙare ba, akwai wani jirgin ruwa da ake kira Mai Kirgi. Sauran jirage da zane suke tarar iska, shi kuwa da fatar shanu, domin tekun da yake ratsawa iskarsa haƙora gare ta: in ta sami zane, kafin azahar ta mai da shi tsumma. Kwana arba'in ake yi a ruwan nan kafin a kai Birnin Farin Dutse. Sarkin jirgin, wani mai kunne ɗaya da ake kira Mabruku, ba ya tashi sai da majemi a jirgi, don gishiri yana busar da fata, in ba a bi ta da man kaɗe kullum ba sai ta tsage, in kuwa ta tsage a tsakiyar teku, to, kowa ya yi ta kansa.

A wannan shekara majemin da aka samu shi ne Ishaƙa, wani dattijo Bakatsine. Da ya ji an ce ba jimar da ke jure wannan iska, sai ya ce ai ba a gwada tasa ba ne. Ya danƙa majemarsa da gidansa a hannun autansa Sagiru, ya ɗaura kaya. Bai ce wa kowa ya biyo shi ba. Amma da ya fita ƙofar gari ya waiga, sai ya ga ɗan farinsa a baya, ɗauke da buhun bagaruwa da tulun mai.

Wannan ɗan fari shekararsa talatin da uku, sunansa na yanka Zubairu. Ishaƙa bai taɓa furta sunan ba tun ranar da aka yanka rago. Na ɗaya, ɗan fari ne, mai kunya ba ya kiran ɗan fari. Na biyu, sunan mahaifin Ishaƙa ne aka mayar masa. Saboda haka mutanen gari suke ce masa Dogo, ubansa kuwa yana ce masa "wancan". Ba ƙiyayya ba ce. Shi ma Ishaƙa ɗan fari ne, haka aka yi masa, har ubansa ya mutu bai taɓa duban tsabar idonsa ba, kuma yana ganin wannan shi ne girma.

Ranar farko a teku, Ishaƙa ya san cewa ƙasa ma ni'ima ce. Jirgi ya hau, ya gangara, ya karkata, hanjinsa ya bi. Ya kwanta a gindin jigon da aka ɗaura fatun, yana ta amai har ba abin da ya rage sai ɗaci. In ya tashi salla, ya kabbarta yana duban gabas, kafin ya yi ruku'u jirgi ya juya shi kudu. Alwala da ruwan gishiri, ido ya yi ta zafi. Ruwan sha kuwa moɗa ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ba ƙari ko da kai wane ne.

Mai dafa abincin jirgin wani tsohon Banufe ne, Ndagi, wanda ya girma a kwalekwale. Tun da ya ji ga Bakatsine ya samu abin wasa.

"Sannu, bawan gidanmu," in ji shi. "Ku da ba ku san ruwa ba sai na rijiya, wa ya aike ka? Tashi ka ci kifi."

"Kau da shi, Banufe," in ji Ishaƙa. "Warinka ma ya ishe ni."

"Majemi ne yake maganar wari? Allah mai iko!"

Duk wannan kwanciya Zubairu ne yake goge masa baki da bakin rawaninsa, shi yake wanke wurin, shi yake hawa jigo da ƙwaryar mai a ɗaure a ƙugu. In an raba ruwa, sai ya faki idon tsohon ya juye rabin nasa a gorarsa. Ishaƙa yana gani ta wutsiyar ido. Abin da ya ce kawai shi ne, "Banufe, ruwan jirgin nan yana da auki."

In kuma zai ba da umarni, sai ya ce, "Banufe, gaya wa wancan ya ƙara mai a gefen hagu."

"Ga shi tsaye a kanka," in ji Ndagi. "Ko aman ya tafi da idonka ne?"

"Kai dai gaya masa. Da Sagiru ne da tuni ya gama."

Zubairu ya ɗauki ƙwarya ya hau.

A rana ta uku da hantsi, sai ga wasu tsuntsaye sun rufe sama, fuskarsu ta tsofaffin mata, bakinsu na baƙin ƙarfe. Ƙanshin man kaɗe ne ya jawo su. Suka sauka a kan fatun suna tsaga suna lasa, suna dariya kamar mutane. Ma'aikatan jirgi suka ɓuya ƙarƙashin kaya. Zubairu kaɗai ya ɗauki sanda ya hau, yana riƙe da igiya da hannu ɗaya yana duka da ɗaya, jirgi yana lilo da shi bisa ruwa. Wata ta kafa masa baki a kafaɗa ta yage. Ishaƙa yana ƙasa, ya damƙe carbinsa har zaren ya tsinke. Da tsuntsayen suka watse, Zubairu ya sauko jini ya jiƙa masa riga. Ishaƙa ya kau da fuska wajen teku ya ce, "Banufe, a barbaɗa wa wancan garin bagaruwa."

Rana ta huɗu da sassafe suka hango wani layi ya raba teku biyu, kamar an ja shi da wuƙa. Nan kore, can baƙi ƙirin. Mabruku ya tara mutane ya ce, "Ga Baƙin Ruwa nan. Yana da mai tsaron ƙofa. Dokarsa ɗaya ce: duk mutumin da ya shiga ruwansa ba shi da mai shi, na ruwa ne. Za a kira kowa da sunansa na yanka, kuma wanda ya fi kusa da shi a jirgin nan shi zai kira. Wanda ba shi da dangi, abokinsa ya kira shi. Abu ne mai sauƙi, kada wani ya ɓata mini tafiya."

Suna tsallaka layin iska ta ɗauke cak. Fatun suka saki jiki. Ruwa ya buɗe, sai ga wata kififiya mai faɗin masussuka ta taso, a bayanta wani aljani yana zaune ya tanƙwashe ƙafa. Rawaninsa kumfa ne, gemunsa ciyawar ruwa, idanunsa ba su da fatar ƙiftawa.

"Aminci ga masu numfashi," in ji shi. "Ni ne Gamdaru, Sarkin Ƙofar Baƙin Ruwa. Ba na zalunci, ba na kuma yafewa. Ku nuna mini masu ku."

Aka fara. Wa ya kira ƙane, aboki ya kira aboki. Mabruku ya kira Ndagi, Ndagi ya kira Mabruku. Duk wanda aka kira, aljanin ya ɗaga yatsa ya ce, "Yana da mai shi." Har aka zo kan tsohon majemi.

Gamdaru ya dubi Zubairu ya ce, "Ya kai dogon mutum, wannan dattijo na wane ne?"

Ɗa ba ya kiran sunan ubansa, kowa ya san haka. Amma Zubairu ko numfashi bai ja ba, ya ce da ƙarfi, "Nawa ne. Ubana ne. Sunansa Ishaƙa."

"Yana da mai shi," in ji Gamdaru.

Ishaƙa ya ji kamar an mare shi a tsakiyar kasuwa. Sunansa gatsal, a bakin ɗan da ya haifa, gaban Nufawa da baƙin ƙabilu! Yana cikin wannan zafi sai ya ji aljanin yana cewa, "Ya kai majemi, wannan dogon mutum na wane ne?"

"Ranka ya daɗe, ga shi nan dai. Tare muke."

"Ban tambaye ka da wa yake tafiya ba. Kira shi."

Ishaƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙasarmu akwai abin da ake kira kunya. Ba kowa ne ya rasa ta ba." Ya faɗi wannan yana harara gefen ɗansa.

Gamdaru ya ce, "Kunyar ƙasarku ta tsaya a bakin gaɓa. Sau uku nake tambaya, a hantsi uku. Ɗaya ta tafi." Kififiya ta nutse da shi.

Wata 'yar iska mai sanyi ta ja jirgin a hankali. Da azahar suka ratsa wata kasuwa da ke ci a bisa ruwa, ba rumfa ba ƙasa. Aljanu suna zaune, mutane 'yan Adam suna tafiya a kan ruwa kamar a kan daɓe, suna ɗauke da kwandunan murjani. Tufafinsu fes, jikinsu a murje, amma fuskarsu ba komai a cikinta, kamar ƙwarya sabuwar fafewa.

Mabruku ya kama hannun Ishaƙa ya nuna masa wani. "Ka ga mai jan zanen can? Shekara tara da suka wuce shi ne mai riƙe mini tuƙi. Sun yi faɗa da ɗan'uwansa a jirgi, ɗan'uwan ya ƙi kiransa. Yana da 'ya'ya biyar a gida. Duk shekara ina wucewa ina ɗaga masa hannu, bai san ni ba. Da zarar kififiyar nan ta nutse da mutum, ya manta ƙasa ke nan. Majemi, ka ji ni da kyau."

Ishaƙa ya ji. Amma shi mutum ne da ya tsufa a ciniki, bai taɓa ganin mai tsaron ƙofar da ba a iya lallaɓawa ba. Ya ce a ransa, wanda ya ba ka kwana uku, ai yana jiran tayi ne.

Hantsi na biyu Gamdaru ya taso. Ishaƙa ya riga ya shimfiɗa jar fatar akuya, mafi kyan abin da hannunsa ya taɓa jemewa, mai laushi kamar alharini.

"Ranka ya daɗe, ga 'yar gaisuwa."

Aljanin ya dubi fatar ya ce, "Aikinka yana da kyau, ya kai majemi. Naɗe abarka. Kira shi."

"Ranka ya daɗe, ga Banufen nan, abokin wasana ne, bakinsa bakina ne. Ya kira a madadina."

"Shi ya yanka ragon?"

"A'a."

"To kira shi."

"Sunansa dai sunan mahaifina ne. Duk Katsina an sani."

"Madalla. Faɗi sunan mahaifinka."

Mutum ashirin sun zuba masa ido. Ishaƙa ya buɗe baki, harshensa ya yi nauyi kamar ɗanyen kirgi. Ya ɗaga kai, sai idonsa ya faɗa cikin na Zubairu, karo na farko tun yana jariri. Ba fushi a idon, jira ne kawai. Wannan jiran ne ya fi ƙarfinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai da sauran gobe."

"Da sauran gobe," in ji Gamdaru. "Biyu sun tafi."

Da aka watse, Zubairu ya kawo masa kwanon dambu ya ajiye, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini abin da na faɗa jiya. Tsoro na ji kada a tafi da kai."

Ishaƙa ya so ya ce wani abu. Abin da ya fito shi ne, "Fatun can sun sha mai yau?"

"Sun sha, Baba." Ya tashi ya tafi.

Ishaƙa ya yafito Ndagi. "Banufe, je ka gaya wa wancan kada ya damu. Gobe zan yi abin da ya kamata."

Ndagi ya ajiye ludayinsa. "Bakatsine, kwana biyar ina yi maka dakon magana ba ko sannu. Wannan kam ta fi ƙarfin wuyana. Taku goma ne tsakaninku. Tashi ka kai abarka."

"Kai ba ka san al'ada ba."

"Na san yaron da ya ba ka ruwansa yana haɗiyar yawu. Mu Nufawa da kuke wa dariya, in ɗanmu zai nutse, ko da sunan sarki ne sai mu ƙwala."

Ishaƙa bai je ba. Da la'asar sai ya sauka can cikin jirgi, inda ake ajiye fatu, ya zauna shi kaɗai cikin warin jima. Ya gwada. Sau bakwai leɓensa yana motsi ba sauti. Ya tuna ranar suna, yadda ya ɓuya a bayan rumbu yana leƙen jaririn daga nesa. Ya tuna shekarar da ƙyanda ta kwantar da yaron, ya kwana uku bai ci abinci ba, amma ko ƙofar ɗakin bai taka ba. A na takwas sunan ya fito, ƙasa-ƙasa, kamar an zare ƙaya. Ya maimaita. Ya sake maimaitawa. Hawaye ya zubo masa, ya share, ya hau sama da sauƙin zuciya. Ya wuce ɗansa yana ɗinke wata igiya, ya yi kamar bai gan shi ba. Ya ce a ransa, gobe zai ji, gaban kowa.

Hantsi na uku kififiya ta taso. Ishaƙa ya sa rigarsa mai kyau, ya tsaya a gaba, sunan yana kan harshensa. Amma Gamdaru bai dube shi ba. Sai ya juya wajen ɗan.

"A rana ta uku," in ji aljanin, "wanda aka ƙi sau biyu shi ake fara tambaya, don shi ma yana da hakki. Ya Zubairu ɗan Ishaƙa, ya Zubairu mai korar tsuntsaye, ya Zubairu mai rabin moɗa, kana so in sake tambaya a kanka?"

Zubairu ya ɗaga kai. Sau uku aka kira shi a numfashi ɗaya, da girmamawa, abin da bai taɓa ji ba a rayuwarsa.

"A can ƙarƙashin ruwa," in ji Zubairu, "da wannan sunan za a riƙa kirana?"

"Safe da yamma."

"To kada ka sake tambaya, ranka ya daɗe. Na ji amsa sau biyu. In na ji ta uku irinsu, ko a ƙarƙashin ruwa ba zan manta ba. In kuma ya faɗa don an tsare shi gaban mutane, na ci mutuncin ubana ke nan. Na hutar da shi."

Ya kwance ƙwaryar mai daga ƙugunsa ya miƙa wa Ndagi. "Baba Ndagi, gefen hagu ya fi shan gishiri. Kada a bar tsohona ya hau da kansa. Kuma ba ya son kifi, a riƙa yi masa kunu." Ya durƙusa gaban ubansa ya ce, "Baba, a gaida Sagiru." Ya tashi, ya taka gefen jirgi, ya sauka a bayan kififiya, ya ba su baya.

Duk wannan Ishaƙa yana tsaye kamar an kafa shi. Ba haka ya shirya ba. Shi jira yake a tambaye shi.

Ndagi ya faɗi ƙasa yana cewa, "Sarkin Ƙofa, don girman wanda ya halicce ka, ka dubi tsohon nan!"

Gamdaru ya ce, "Na ce ba na zalunci. Kafin ruwa ya rufe kansa, in ya waiga, na doron ƙasa ne."

Kififiya ta fara nutsewa. Ruwa ya kama idon sawun Zubairu.

"Zubairu!"

Muryar ta fashe kamar tsohuwar ganga. Ma'aikatan jirgi suka firgita. Ishaƙa ya kama gefen jirgi, rawaninsa ya faɗa ruwa bai sani ba.

"Zubairu! Nawa ne! Ɗana ne, ni na yanka ragon! Zubairu!"

Ruwa ya kai gwiwa. Ya kai ƙugu. Ba iska ko kaɗan, teku shiru kamar masallaci, ana jin muryar har inda ido ya ƙare. Ishaƙa ya ga kafaɗar nan mai rauni ta motsa sau ɗaya, kamar za ta juya. Sai ta tsaya. Ruwa ya kai ƙirji, ya kai wuya. Ya yi ta kira, sunan da ya ɓoye shekara talatin da uku ya yi ta zubar da shi a kan ruwa ba lissafi, har ruwa ya haɗe, kumfa ta watse.

Nan take iska ta dawo. Fatun suka cika, igiyoyi suka yi ƙara, Mai Kirgi ya zabura gaba. Mabruku ya daka wa mutanensa tsawa kowa ya kama aikinsa, don jirgi ba ya tsayawa makoki.

Ishaƙa ya zame ya zauna a gindin jigo. Muryarsa ta dushe, sai da Ndagi ya sunkuyo sannan ya ji abin da yake cewa.

"Banufe, bai ji ba ne, ko? Nisa ne. Ka ce mini bai ji ba."

Ndagi ya nemi wasa a bakinsa ya rasa.

"Ya ji, Ishaƙa," in ji shi.

Rana ta shida ke nan da barin gaɓa. Saura kwana talatin da huɗu a kai Birnin Farin Dutse. Iyakar abin da ya zo mana na labarin ke nan, Allah ya sa mu faɗi abin faɗa tun mai ji yana kusa.